Wasiƙar Akawu Daga Kankiya: Gardamar Hula da Lambar Mota

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin nan nawa na kowane mako, ko da ya ke yau na zo da wata magana wadda na san waɗansu dattawa za su ce ba ta isa a ɓata tawada a kanta ba. Maganar kuwa ita ce gardamar da ke tashi tsakanin masu rubuta bayanin wasannin talabijin, a kan wane abu ne ya cancanci a rubuta, wane ne kuma tarkace. Ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya bi ni, zama wannan abu da ya yi kama da wasan yara na ga ya haɗa mutum biyu masu ilmi faɗa, har ɗayansu ya ajiye alƙalami.

Bari in fara da bayani saboda waɗanda ba su saba ba. Akwai wani babban kundin sani a intanet mai suna Wikipedia, wanda aka buɗe ran 15 ga Janairu, 2001. Waɗanda ke rubuta shi ba a biyansu ko anini. Kowa ya ga yana da abin da ya sani, sai ya shiga ya rubuta, wani ya zo ya gyara masa, wani kuma ya zo ya gyara mai gyaran. Yana fita cikin harsuna ɗaruruwa, Hausa kuwa tana ciki. Masu wannan aiki su a ke kira masu aikin sa kai. Amma fa, jama'ar Katsina, kada ku ji sa kai hankalinku ya tafi ga masu bindiga da gora a bakin daji. Waɗannan makaminsu wayar hannu ce, asararsu kuwa kuɗin data da na mai caji, da barcin da su ke hana idonsu.

To, cikin abubuwan da su ke rubutawa har da wasannin nan masu dogon zango da jama'a ke kallo. Tun da aka buɗe tashar Arewa24 a 2014 irin waɗannan wasanni suka yawaita. Daɗin Kowa ya soma a 2015, shekara ta zagayo ya ci lambar girma ta Africa Magic a fannin Hausa. Kwana Casa'in ya biyo a 2019 da jiharsa ta ƙage mai suna Alfawa. A 2020 Malam Aminu Saira ya fito da Labarina, Lawan Ahmad kuma ya soma sakin Izzar So a YouTube. Kowane wasa an raba shi zango-zango, kowane zango kuma kashi-kashi. Aikin mai rubutu shi ne ya tsara jeri: kashi na kaza, an nuna shi ran kaza, wane ya rubuta, wane ya ba da umurni, ga kuma abin da ya faru a ciki a taƙaice. In aka tsaya nan babu mai faɗa da wani. Rigimar tana farawa ne daga abin da a ke ƙarawa a ƙarƙashi.

Mu uku ne na sani muna taɓa wannan aiki a yankinmu. Akwai wani malamin makaranta a Kusada, ya ba arba'in baya, mutum ne mai tsantseni ƙwarai, in ya ga waƙafi ya zauna inda ba wurinsa ba sai ya tashe shi. Akwai wani saurayi ɗalibi a nan Kankiya, mai zafin nama, wanda zai iya kwana yana rubutu. Sai kuma ni, da na kan leƙa bayan an tashi ofis. Ba zan faɗi sunayensu ba, ba kuma zan faɗi sunan wasan da suka yi faɗa a kansa ba, don kada masu wasan su ga kamar da su na ke.

Saurayin nan ya ɗauki wani wasa ya bi shi kashi-kashi, kusan wata biyu yana fama. Ƙarƙashin kowane kashi sai ya buɗe wani sashe ya sa masa suna "Abubuwan Lura." A nan ya zuba duk abin da idonsa ya gani da wanda kunnensa ya ji. Ya rubuta cewa a kashi kaza Alhajin wasan ya shiga ɗaki da hula zanna, ya fito da dara, alhali ba a nuna ya sauya ba. Ya rubuta cewa motar da aka ɗauko amarya da ita lambar Kankiya gare ta. Ya rubuta sunan mawaƙin da muryarsa ta fito a wurin biki, da karin maganar da tsohuwar gidan ta yi wa kishiyar 'yarta, da unguwar da aka ɗauki hoton kasuwa. Ya rubuta cewa an nuna kashin a talabijin ran kaza, amma bai hau YouTube ba sai bayan kwana kaza. Sa'an nan a wani wuri ya ƙara da cewa wai an ce wata 'yar wasa ta bar shirin ne saboda sun sami saɓani da mai shirin a kan kuɗi.

Malamin Kusada ya zo wucewa ya gani. Bai yi wata-wata ba ya share sashen nan duka, tun daga kashi na fari har na ƙarshe, ya bar kalma ɗaya tak a wurin ba da dalili, watau "tarkace." Gari ya waye saurayi ya ga aikin wata biyu ya tafi, ya mayar. Malam ya sake sharewa. Ya sake mayarwa. A Wikipedia ta Ingilishi akwai doka cewa kada mutum ya warware aikin wani fiye da sau uku cikin sa'a 24 a shafi ɗaya, wanda ya ƙetare a kan dakatar da shi. Waɗannan bayin Allah kuwa sai da suka kwana huɗu suna wannan ja-in-ja, ɗaya na saƙa ɗaya na warwara. Ran na biyar saurayi ya rubuta cewa tun da abin ya zama na masu furfura, ya bar musu. Daga ranar bai sake sa harafi ba. Abin da ya fi damuna shi ne, lokacin nan yana tsakiyar tattara bayanin Rimaye da Kafin Soli da Tafashiya, yana bin dattawa yana tambaya. Wannan ma ya tsaya cik.

Kada mai karatu ya zaci mu kaɗai ne da wannan ciwo. Turawa sun riga mu sha. A 2007 rigima ta ɓarke a Wikipedia ta Ingilishi a kan wannan batu sosai. Waɗansu editoci suka ce kowane kashi na kowane wasa ya cancanci shafinsa, waɗansu suka ce a'a, sai wanda jaridu ko littattafai suka yi magana a kansa, sauran a tattara su cikin jeri ɗaya. Suka shiga rufe shafuna ɗaruruwa, masu so suna buɗewa. Sai da magana ta kai gaban kwamitinsu na sulhu har sau biyu, aka yanke ta fari a Disamba 2007, ta biyu a Maris 2008, inda aka hana wani edita taɓa irin waɗannan shafuna da nufin rufewa ko haɗewa har wata shida. Amma kwamitin bai ce ga mai gaskiya a kan asalin gardamar ba, domin shi halin mutane ya ke dubawa, abin da za a rubuta kuwa ya bar wa masu rubutu su daidaita. Da yawa cikin masu son ƙananan bayanai suka kwashe kayansu suka koma wani gida mai suna Wikia, wanda Jimmy Wales da Angela Beesley suka kafa a 2004, yanzu a ke kiransa Fandom. Can babu mai hana ka faɗin launin takalmin kowa.

Har wa yau, a ƙarshen 2012 zuwa farkon 2013, editocin nan suka yi musu a kan sunan wani fim, Star Trek Into Darkness, ko harafin farko na kalma ta uku babba ne ko ƙarami. Abin da suka rubuta a kan harafin nan guda ya haura kalma 40,000, watau ya fi Ruwan Bagaja na Alhaji Abubakar Imam tsawo. Kai, jama'a! In rana ta yi wa mutum yawa babu abin da ba ya yi. Mu ma dai kada mu yi dariya da yawa, don mun taɓa kwana biyu a kan ko Kankia za a rubuta yadda ya ke a allon ofis, ko Kankiya yadda bakin Bahaushe ke faɗi, da kuma ko Daɗin Kowa zai ɗauki ƙugiyarsa a kan suna. Wannan kam maganinta sauƙi gare shi, an rubuta ɗaya, an sa ɗayan ya riƙa kai mai nema wurin.

Daga irin wannan wahala ne Turawa suka fitar da ƙa'idodinsu. Suka ce a guji buɗe sashen da za a riƙa jibga bayanai barkatai, abin da ke da amfani a ɗauke shi a saka cikin jikin bayani inda ya dace. Suka ce labarin kashi ɗaya kada ya wuce kalma 200 in a cikin jeri ya ke, in kuwa yana da shafin kansa kada ya wuce 400. Malamin Kusada ya karanta waɗannan duka, da su ya kafa hujja ranar da na tara su a zaurena wata Asabar. Ya ce, "Malam Akawu, kundin sani mu ke rubutawa ko hirar teburin mai shayi? In yaro ɗan makaranta ya buɗe yana neman ilmi, hular Alhaji za mu ba shi?" Saurayi ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni ban ƙi a gyara mini ba. Amma a ce duk abin da na yi babu ko ɗaya mai amfani?"

To, ga abin da na gani, na kuwa faɗa musu a gabansu kafin in kawo shi nan.

Malam yana da gaskiya a wuri ɗaya wadda ba ta da makawa, ita ce maganar 'yar wasan nan da kuɗi. "An ce" ba hujja ba ce. Wannan baiwar Allah tana da rai, tana da iyaye da dangi, watakila da miji ko mai nema. Abin da aka rubuta a kundin nan kuwa ba ya zama wuri ɗaya, masu kwafa su kwafa, gobe ka ji shi a bakin wanda bai san inda ya fito ba, yana rantsuwa a rubuce ya gani. A 2005 wani ya rubuta ƙarya a Wikipedia ta Ingilishi a kan wani dattijon ɗan jarida na Amurka, John Seigenthaler, ya jingina shi da kisan Shugaba Kennedy da ƙanensa, ƙaryar nan ta yi wata huɗu tana zaune ba wanda ya lura. Bayan wannan ne suka tsananta doka a kan abin da a ke rubutawa game da mai rai. Saboda haka wannan layi ko ni na fara gani sai na share shi, ba kuwa zan jira shawarar kowa ba. A rubuta cewa wance ta fito daga kashi kaza zuwa kashi kaza, daga nan wance ta karɓa. Wannan kowa ya gani da idonsa, kamar yadda masu kallon Labarina suka ga Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya bayan Nafisa Abdullahi. Dalilin fita kuwa, in mai abin bai faɗa da bakinsa a inda za a iya nunawa ba, a bar shi.

Hular Alhaji ma na ba Malam. Kuskuren masu ɗaukar hoto ne, ba ya ƙara wa labarin kome. Lambar motar Kankiya kuwa, wallahi ni ma da na gani sai da na ji daɗi, amma daɗin nawa ne da na mutanen garinmu, mutumin Maraɗi ko na Kumasi da zai karanta ba abin da ta ƙare shi da shi.

Amma daga nan ni da Malam muka rabu. Shi ya ɗauka ƙanƙantar abu ita ke mai da shi tarkace, ni kuwa ban yarda ba. A makarantar Mishan inda na yi karatu, malaminmu na lissafi ya kan duba littafi, in ya ga ba kwanan wata a kan shafi sai ya maido maka ko da lissafinka daidai ne. Muna jin haushinsa a lokacin. Da na kama aikin akawu na ga takardar da ba kwanan wata ba ta da daraja ko ta sisi in gardama ta tashi, sa'an nan na fahimci abin da ya ke nufi. Ranar da aka nuna kashi, da sunan wanda ya rubuta shi, da wanda ya ba da umurni, da mawaƙin da ya rera waƙar, waɗannan ƙanana ne a ido, amma su ne rijistar aikin. Nura Mustapha Waye, wanda ya ba da umurnin Izzar So, ya rasu a 2022, Allah ya ji ƙansa, shirin kuwa ya ci gaba. Nan da shekara 30, in ɗalibi ya so ya san inda hannunsa ya tsaya da inda na wani ya ɗora, ina zai duba in ba a rubuta kashi-kashi ba? Mawaƙin nan kuma da aka share sunansa, watakila wannan layi ɗaya shi ne kaɗai wurin da aka taɓa rubuta cewa shi ya yi waƙar. Share shi cin haƙƙi ne, ko da ba da nufi ba.

Ku dubi Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara da Ingilishi a 1908, shi Palmer ɗin nan da ya yi aiki a Katsina zamanin da aka naɗa Sarki Muhammadu Dikko a 1906. Marubucin littafin bai tsaya ga yaƙe-yaƙe da shekarun sarauta kaɗai ba. Ya faɗi sarkin da ya fara mallakar raƙuma, watau Abdullahi Burja. Ya faɗi cewa zamanin Muhammadu Rumfa aka soma busa kakaki da riƙe figini, aka kuma kafa kasuwar Kurmi. Da Malamin Kusada yana zaune kusa da shi da wuƙar kankare tawada, ina tsoron da ya ce raƙumi da figini tarkace ne, a bar sunan sarki da shekarunsa. Yau kuwa masanan tarihi da waɗannan 'yan abubuwa su ke gane lokacin da hanyoyin fatauci suka buɗe, da yadda sarauta ta ƙasaita.

Sai maganar karin magana, wadda ita ta fi tsaya mini a rai. Wasannin nan, ko mun so ko mun ƙi, su ne taskar Hausar zamaninmu. Yadda uwar miji ke yi wa suruka habaici, da yadda ɗan kasuwa ke taya kaya, da sababbin kalmomin samari waɗanda bana a ke yayinsu baɗi a manta, duk suna ciki. Bargery, da ya ke haɗa ƙamusunsa da aka buga a 1934, mai shafi fiye da 1,200, yawo ya yi ƙasa-ƙasa yana tsintar irin waɗannan, har ya kan sa alama cewa wannan kalma Katsinanci ce, waccan Sakkwatanci. Ba wanda ya ce masa mai tara tarkace, yau kuwa duk mai nazarin Hausa sai ya buɗe shi. Na yarda ba ƙarƙashin kowane kashi ne wurin jera karin magana ba, don zai cushe jerin. Amma abin da ya kamata shi ne a ce wa yaro, "Kwashe waɗannan ka kai wuri kaza." Wikipedia tana da 'yar'uwa ta ƙamus, tana da ta zantuka, duka kuwa akwai hannun Hausawa a ciki. Malamanmu na zaure ai sun daɗe da sanin wannan dabara. Matani yana tsakiyar shafi, sharhi da ƙarin bayani suna gefe, ba wanda ya ce a kankare gefen don ba matani ba ne.

Akwai kuma wani abu da mai ɗauko dokar Turawa dungum ya kan manta. Su sun ce kada a rubuta sai abin da wata jarida ko littafi ya riga ya faɗa, ban da labarin wasan da sunayen da ke fitowa a jikinsa, waɗanda shi wasan kansa ya isa shaida. Wannan doka ta yi musu daidai, gama wasa ba ya fita a Ingila ko Amurka sai jaridu sun yi masa ca, kowane kashi da mai sharhinsa. Mu fa? Muna da mujallar Fim, wadda Malam Ibrahim Sheme ya kafa a 1999, muna da Aminiya da sashen Hausa na BBC da su kan taɓo lokaci-lokaci, muna da rubuce-rubucen Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero. Sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu. Amma ba aikinsu ba ne su bi kowane kashi na kowane wasa. Wanda ke da rijiya goma a gida shi ke zubad da ruwan da ya ga ɗan ƙaiƙayi a ciki. Mai tulu ɗaya tacewa ya ke yi. Saboda haka abin da a ke iya gani ko ji a cikin wasan, a kuma nuna kashi da mintin da ya fito don mai shakka ya je ya duba, ni a ganina a karɓe shi in yana da amfani. Abin da sai an ce "na ji" ko "ina tsammani," a ƙi shi ko da ya kai girman dutsen Dala.

Wanda ke ganin abin da aka nuna a talabijin ba ya ɓata, to ya ji wannan. BBC, duk da girmanta da dukiyarta, ta yi shekaru tana goge faya-fayan shirye-shiryenta don ta sake ɗaukar waɗansu a kai, saboda faifan yana da tsada, ba ta daina ba sai wajen 1978. Akwai wani wasansu mai suna Doctor Who da aka soma ran 23 ga Nuwamba, 1963. Kashi fiye da 90 na shekarunsa na fari sun salwanta ta haka. Amma muryoyin dukansu suna nan. Wa ya ajiye? 'Yan kallo ne, waɗansu ma yara, da su kan kafa rikoda kusa da akwatin talabijin a gidajensu suna ɗauka. Na tabbata a lokacin akwai iyayen da suka ce musu aikin banza su ke yi. Daga baya ita BBC ɗin da kanta wurinsu ta koma ta karɓa.

Mu juyo gida. An soma talabijin a Ibadan a 1959, a Kaduna kuma a 1962. Tun cikin shekarun 1970 Usman Baba Pategi ke sa Arewa dariya da Samanja Mazan Fama, har Allah ya karɓi ransa a Nuwamba 2023. Ƙasimu Yero, wanda ya fito a Karambana da kuma Magana Jari Ce da aka mayar wasan talabijin a Kaduna, ya rasu a 2017. Na zauna da dattawa a nan Kankiya na tambaye su Samanja. Nan da nan fuska ta washe, wannan ya kwaikwayi Hausarsa ta bariki, wancan ya tuna yadda a kan cika gidan mai talabijin har waje, yara a kan katanga. Da na ce to wane wasa aka fara nunawa, wane ya biyo, a wace shekara, sai aka shiga kallon juna. Da a ce a lokacin akwai wani saurayi mai naci irin namu na Kankiya, da littafinsa na makaranta yana rubuta rana da suna da abin da ya faru, har da hular da aka sauya, yau da mun sayi littafin nan da tsada, mu tace hular mu riƙe sauran.

Wata magana kuma ga Malam, da duk mai irin matsayinsa. Masu rubuta Wikipedia ta Ingilishi dubbai ne, in ɗaya ya yi fushi ya tafi, goma na nan. Mu kuwa 'yan kaɗan ne, a ƙasar Kankiya da Kusada ma ga mu mu uku. Malami ya fi kowa sanin cewa in ya karɓi littafin yaro ya ja jan layi tun daga sama har ƙasa ya rubuta kalma ɗaya, yaron ba zai koyi kome ba sai ƙin darasin. Shafin nan yana da wurin tattaunawa, Kusada da Kankiya kuma ba nisa, lambar wayar juna gare su. Da ya kira shi ya ce, "Ɗana, zo mu duba wannan tare," da an gama cikin sa'a guda. Shi ma saurayin na gaya masa, mayar da abu sau huɗu ba tare da tambayar dalili ba taurin kai ne, kuma barin bayanin Rimaye don an taɓa maka hular Alhaji fushi ne da bai sami mai shi ba, gama mutanen Rimaye ba su yi masa laifin kome ba.

Inda muka kwana ran Asabar ɗin nan shi ne, Malam ya yarda a maido da ranakun nunawa duka biyu, ta talabijin da ta YouTube, kowace a gurbinta, da sunayen mawaƙa, da wurin ɗaukar hoto in an rubuta shi a ƙarshen wasan. Da hannunsa ya maido su, abin da aka share a can ba ya ɓata, yana nan a ajiye cikin tarihin shafin. A kan karin magana bai sauka ba, ya ce sai ya yi tunani. Saurayi ya yi godiya, ya raka shi har tasha ya riƙe masa jaka, amma har ran da na ke rubuta wannan takarda bai koma ga aikin ba. Na aika masa da saƙo sau biyu, ya ce jarrabawa ce ta sha masa kai. Allah ya sa haka ne.

Daga ƙarshe ina da roƙo ga masu karatu, musamman tsofaffin ma'aikatan gidajen talabijin na Kaduna da Kano da Sakkwato da Katsina, da malamai da akawuna waɗanda suka saba ajiye takarda. Duk wanda ke da tsohon kaset na Samanja ko Karambana ko Kuliya, ko jadawalin shirye-shirye da aka yanka daga jarida, ko ma littafin da ya taɓa rubuta ranar da ya kalli wani wasa, ya taimaka ya aiko da bayani ta hannun Edita. Ya faɗi sunan wasan, da tashar, da shekarar, da waɗanda suka fito a ciki, ya kuma bambanta mana abin da ya gani a rubuce da abin da ya ke tunawa da ka. Ni na ɗauki nauyin jerawa, Malamin Kusada kuwa ya ce shi zai duba waƙafi.

Haza wasalam.

Naka,
Akawu, Kankiya.